Abincin bikin makaranta mai kare lafiyar zuciyar yara

Abincin bikin makaranta mai kare lafiyar zuciya shi ne cimakar da ake shirya wa ɗalibai a ranar shagali, kamar bikin ƙarshen shekarar karatu ko na raba kyaututtuka, wadda ba a cika mata gishiri da sukari da mai ba, amma tana da daɗin da zai sa yaro ya ci ba tare da lallashi ba. A Tawa, kamar sauran garuruwan Nijar, bikin ya fi faɗowa a watan Yuni, lokacin da zafi ke sa yara su fi ɗokin abin sha mai sanyi a kan abinci.

Dalilin kula da wannan al'amari shi ne, kitse yakan fara taruwa a jijiyoyin jini tun ƙuruciya, ko da yake cutar ba ta bayyana sai mutum ya manyanta, kuma ɗanɗanon da harshe ya saba da shi yana ƙarami yana da wuyar bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, na yaro kuwa ya gaza haka. A 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci.

Abin sha

A nan sukari ya fi ɓuya. Gwangwani ɗaya na lemo mai gas, mai santilita 33, yakan ƙunshi sukari kusan giram 35, fiye da ƙananan cokula takwas, wato dab da iyakar abin da ya kamata ɗan firamare ya sha a yini guda. Duk da haka, a idon iyaye da yawa biki bai cika ba sai an sauke akwatunan lemo, kuma wannan magana ce ta fita kunya, ba ta ƙishirwar yara ba.

Zoɓo da ruwan tsamiya da ruwan garin kwalba, wato farin garin ƴaƴan kuka, da kunun aya duk suna iya maye gurbinsa, muddin mai haɗawa ta sassauta hannu wajen zuba sukari, domin zoɓon da aka cika wa sukari bai fi lemon komai ba. Aya, wadda ake nomawa da yawa a jihar Maraɗi, tana da zaƙinta na asali, kuma idan aka niƙa ta tare da dabino ba ta buƙatar ƙari. Sanyi ma yana taimakawa: yara kan yi rububin zoɓon da aka daskare ko da zaƙinsa kaɗan ne.

Abin ci

Yaro ya fi son abin da zai riƙe a hannu yana wasa. Saboda haka yankakken mangwaro da kankana da gwaba da karas sun fi karɓuwa idan aka jera su launi-launi a faranti, haka ma gasasshiyar masara da gugguru marar gishiri da yawa.

Wake yana da sinadarin faiba, wato harzar abinci da ciki ba ya narkarwa, mai taimakawa wajen rage kolestarol, wani nau'in kitse da ke cikin jini, sai dai girki ne ke raba alfanunsa. Alala, da ake turarawa, ta fi ƙosai sauƙin mai. Idan kuma ƙosan za a yi, a soya shi da sabon man gyaɗa, domin man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana lalacewa. Kwaɗon zogale, wanda mutanen Yamai ke kira kopto, ana haɗa shi da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, kuma jihar Tawa ita ce gidan albasar Galmi. Dambun gero da zogale yana ƙosar da yara masu yawa da kuɗi kaɗan. A duk waɗannan, dunƙulen magi ne ke shigo da gishirin da ba a gani, tun da babban kasonsa gishiri ne. Daddawa da tafarnuwa da lemon tsami suna ba da ɗanɗano idan an rage shi. Gasasshen kifi, irin wanda ake kamawa a tabkin Tabalak na jihar Tawa, ya fi soyayyen nama mai kitse, amma sai an cire masa ƙaya tas.

Hattara

Gyaɗa da riɗi suna da mai mai amfani ga zuciya, amma akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarsu, har numfashi yakan sarƙe musu, don haka ya kamata malamai su tambayi iyaye tun kafin ranar. Ba a ba ƴan ƙasa da shekara 5 ƙwayar gyaɗa ko gugguru, saboda gudun shaƙewa, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar da ita, domin tana ɗauke da guba mai cutar da hanta. Nonon da za a dama fura da shi ya zama wanda aka tafasa madararsa kafin ta yi tsami, a kuma ajiye shi cikin ƙanƙara har lokacin rabo, haka ma yankakkun ƴaƴan itace, waɗanda zafin Yuni ke saurin lalatawa.