Waiwaye: Ɗan sandan da aka hana aiki a garinsu

Duk lokacin da bidiyon wani kamu ya bazu a intanet sai muhawara ta sake tashi. Wasu su ce ƙarancin horo ne, wasu su ce albashi, wasu kuma su shiga koya wa matasa yadda ake magana da jami'i idan ya tsayar da su. Abin da ke damuna shi ne ana maganar kamar jiya abin ya faro.

Farkon labarin sananne ne. Birnin Faris ya samu shugaban 'yan sanda a 1667. Landan ta kafa rundunarta a 1829, da shuɗin kaya da kulki, babu bindiga, don kada jama'a su ɗauke su sojoji.

Amma shekara bakwai kafin Landan, a 1822, an riga an shimfiɗa wani tsari dabam a karkarar Ayaland, wadda ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya a lokacin, aka kuma haɗe shi ƙarƙashin umarni ɗaya a 1836. Shi jami'in wannan tsari bindiga yake riƙewa, a bariki yake kwana, kuma ba a ajiye shi a gundumar da aka haife shi, ko wadda matarsa ta fito. Akwai hujja a ciki: wanda ba shi da dangi a wuri ba zai ji nauyin kowa ba idan an ce ya kama. Sai dai wanda ba ya jin nauyin kowa, da wuya a kai masa kuka. Ya san wanda ya turo shi, bai san waɗanda aka turo shi cikinsu ba, su ma kallon baƙo suke masa.

Wannan samfurin aka fi ɗauka zuwa ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka. An kwaikwaye shi a Sindh, yankin da ke cikin Pakistan a yau, a shekarun 1840, ruhinsa ya shiga dokar 'yan sandan Indiya ta 1861, kuma a farkon ƙarni na 20 har Dublin, babban birnin Ayaland, ake tura hafsoshi ɗaukar horo kafin su wuce Afirka. Da 'yanci ya zo tuta ta sauya, barikin da tsohuwar doka suka zauna daram a wurare da yawa.

Shawarar nan ta ka natsu, kada ka gudu, ka tambayi dalilin kamu, ka nemi lauya, tana ceton rai, ni ma ina ba ƙannena ita. Amma yaron da ke haddace ta yana shirin haɗuwa ne da baƙo mai bindiga, kuma jami'in da ya tsayar da shi, wanda wataƙila sa'ansa ne, shi ma tsoro yake ji, don bai san ko gida ɗaya a unguwar ba.