Mura ta tafi, murya ba ta dawo ba: tambayoyi da amsoshi daga Zangon Kumasi

Da zarar hazon hunturu ya sauko Kumasi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai unguwa ta cika da tari da atishawa. Murar kan wuce cikin mako guda, amma ta bar wa wasu dishewar murya. Ga mai aikin ofis abin da sauƙi. Ladan kuwa, da malamar makaranta, da yaron trotro, wato motar haya, mai kiran "Kejetia, Kejetia" tun asuba, da mai koko da ƙosai a Aboabo, da murya suke cin abinci. Daga bakin irinsu tambayoyin nan suka fito.

Tambaya: Malam, na warke, hanci ya buɗe, zazzaɓi ya sauka. Me ya riƙe muryata?

Amsa: Ƙwayar bairos da ta kawo murar ba a hanci kaɗai take tsayawa ba, takan gangara maƙogwaro. A can ciki, daidai bayan zakaran wuya, akwai tantani biyu sirara, tsawon kowanne bai wuce santimita 2 da rabi ba ko ga ƙato. In za ka ja numfashi su buɗe, in za ka yi magana su haɗu, iskar huhu ta riƙa kaɗa su, sama da sau 100 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, wajen sau 200 ga mace. Wannan kaɗawar ita ce murya. In suka kumbura sai su yi kauri, su yi nauyi, su kasa haɗuwa sosai, iska ta riƙa zurarewa ta tsakaninsu. Kamar fatar kalangu ce da ta sha raɓa, duk ƙarfin bugunka sautin a dishe zai fito. Ga tari kuma, kowane ɗaya gwara su yake da juna, shi ya sa sau da yawa muryar ba ta ɗaukewa sai murar ta doshi ƙarewa.

Tambaya: Kwana nawa za ta ɗauka?

Amsa: Yawanci kwana uku na farko sun fi tsanani, sannan ta dawo da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu, in an bar ta ta huta.

Tambaya: Ni mai koko da ƙosai ce, tun tasowata citta da kanumfari da zuma da lemun tsami na sani. Kullum sha nake, amma shiru. Ko haɗin ne ban iya ba?

Amsa: Hajiya, haɗinki ba shi da laifi, hanyarsa ce daban. Maƙogwaro ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta abinci, ɗaya ta iska. Duk lokacin da kika haɗiya, wani ɗan murfi yakan rufe ƙofar iska, abin da kika sha ya wuce ciki. Tantanin murya kuwa a ƙofar iska suke. Da zumar za ta taɓa su, da ƙwarewa za ki yi, ki yi ta tari har hawaye. Saboda haka babu abin sha da ke wanke murya kai tsaye, har da ɗanyen ƙwan da wasu masu karatu ke kwankwaɗa kafin su hau lasifika. Shi wannan ma gara a bar shi, yana iya jawo gudawa da amai.

Duk da haka ba zan ce ki daina ba. Zuma a ruwan ɗumi tana lafar da ƙaiƙayin maƙoshi, tana rage tari, ragin tari kuwa hutu ne ga murya. Ruwan da kike sha da ita yana shiga jiki ya sa majinar da ke lulluɓe tantanin ta yi ruwa-ruwa. Sai dai a sassauta hannu wajen citta da masoro da lemun tsami, musamman da dare, domin ga mai ƙwannafi suna tayar da tsamin ciki, shi kuwa in ya hau sama har maƙogwaro yake kaiwa ya ƙara ƙona wurin. Haka shito, wato soyayyen yajin nan na Ghana, da abinci mai maiƙo dab da kwanciya. A bar tazarar awa uku tsakanin tuwon dare da katifa.

Abin da ke isa wurin da kansa shi ne abin da aka shaƙa. Ki zuba ruwan zafi a roba, ki rufa da tawul, ki yi surace na minti 10, safe da yamma. Ruwa zalla ya isa, ba sai an zuba man zafi ba, domin mentol ɗin da ke cikinsa yana ba da sanyin daɗi amma yana iya busar da maƙogwaro. Ta wannan ƙofar kuma hayaƙi ke shiga. Ke da kike tsaye kan tukunyar koko da kaskon ƙosai tun kafin kiran assalatu, hayaƙin itace da na mai ya fi komai ja miki jinyar nan. Ki tsaya ta inda iska ke fitowa, ki sa takunkumi, ki ɗan jingine turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗaki har ki samu sauƙi.

Tambaya: To in na koma yin raɗa fa?

Amsa: A nan mutane da yawa ke cutar kansu da kyakkyawar niyya. Raɗa, musamman wadda ake matsawa don a ji, tana sa a ɗaure tsokar maƙogwaro, ga busasshiyar iska tana ta wucewa kan tantanin. In magana ta zama dole, ka matso kusa da mutum ka faɗa da muryarka ta kullum a hankali, a taƙaice. Sauran ka rubuta a waya. Yawan gyaran murya ma a bar shi, in abu ya tsaya maka a wuya ka kurɓi ruwa ka haɗiye.

Tambaya: Wani abokina a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya ce in sayi kafso da wata ƙaramar ƙwaya, dexa, wai washegari murya garau.

Amsa: Ɗan'uwa, kafso irin su amoxicillin bakteriya suke kashewa, dishewar bayan mura kuwa kusan kullum aikin bairos ne. Asarar kuɗi ce, ga ɓacin ciki, ga koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Ita dexa, wato dexamethasone, gaskiya tana saukar da kumburi da sauri, a nan haɗarinta yake. Za ka ji kamar ka warke, ka koma ihu cikin ƙarar injuna, alhali wurin ɗanye ne, har jijiya tana iya fashewa a tantanin. Tana kuma tayar da sukari da hawan jini. Likita kan ba da ita wani lokaci bayan ya duba, amma ba abin saya a shagon magani bisa shawarar aboki ba ce. Magungunan mura masu busar da hanci su ma maƙogwaro suke busarwa. In akwai zafi, farasitamol ya wadatar, a haɗa da kurkure maƙoshi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi.

Tambaya: Ni ladan ne a Asawase, sau biyar a rana. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya saka da alheri, Baba, amma ka ba na'ibi kwana uku ko huɗu. Wanda ya ci gaba da matsa kumburarriyar murya yana iya samun ɗan kullutu a tantanin, irin wanda ke addabar mawaƙa da malamai, mai ɗaukar watanni. In ka dawo, ka bar lasifika ya yi aikinsa, ka matso da bakinka kusa da makirfo maimakon ɗaga murya. Kiran asuba ya fi wahalar da ita, domin ta kwana a bushe, don haka ka sha ruwa ka yi ɗan "mmm" ta hanci a hankali, baki a rufe, kafin ka fara. Malamar aji ta nemi ƙararrawa ko tafi wajen tsawatar wa yara. Yaron mota ya buga jikin mota, ya ɗaga allo, ya bar kira na 'yan kwanaki. Masu zaman ataya da goro kuma su ajiye ruwa a gefe, sigari da shisha kam a yi sallama da su.

Tambaya: Gaskiya ne ruwan sanyi ke kashe murya?

Amsa: Ba shi ke kawo ta ba, bairos ne. In yana tayar maka da tari ka sha mai ɗumi. Yawan ruwan ne abin lura.

Tambaya: Ɗana mai shekara biyu ya dishe, tarinsa ya canza.

Amsa: Maman yaro, a nan a yi hattara, hanyar iskar ƙaramin yaro ƙunci gare ta, ɗan kumburi kaɗan yana iya toshe ta. In tarin ya koma kamar haushi, yana fitar da ƙara in ya ja numfashi, ramin wuyansa ko tsakanin haƙarƙari na lotsawa, ko yawu na dalala ya kasa haɗiya, ki ɗauke shi zuwa asibiti a daren, ko ki kira lambar gaggawa 112. Kada a yi masa surace da tafasasshen ruwa, ƙuna ta fi yawa a nan. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma, yaron da bai kai 16 ba kuma ba a ba shi asfirin.

Tambaya: Babba fa, yaushe zai daina jira?

Amsa: In an haura mako biyu babu alamar sauƙi, a ga likita. In an kai mako huɗu, lallai a leƙa maƙogwaron da ido. A sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, ana yin haka da madubi ko siririyar kyamara ta hanci, aikin 'yan mintoci. Ka fara da asibitin kusa, kamar na Manhyia ko Tafo, da katin inshorar lafiya na NHIS, su ba ka takardar turawa. Kada ka jira mako biyun ma in numfashi na wahala, ko akwai jini a kaki, ko haɗiya ta gagara, ko kumburi ya fito a wuya, ko kunne ɗaya na ciwo ba dalili. Mai shan sigari da ya haura shekara 45 ya fi kowa buƙatar gaggawa, domin dishewar da ta ƙi tafiya tana iya zama alamar farko ta sankarar maƙogwaro, kuma in an kama ta da wuri ana warkewa sosai. In kuwa dishewar ta zo da tarin da ya wuce mako biyu, da rama, da gumin dare, a nemi gwajin tarin fuka. Gwajin da maganin duka kyauta ne a asibitocin gwamnati a Ghana.