Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Kira Ga Iyayen Yara Masu Buƙata Ta Musamman

Wata rana ina zagayen duba ƙananan yara gida-gida, na tambayi wata uwa yawan 'ya'yanta, ta ce huɗu. Ina cikin rubutawa sai idona ya faɗa kan wani ɗan takalmi a ƙofar ɗaki, gefen ƙafa ɗaya ya cinye sosai, irin cinyewar da takalmin mai jan ƙafa yake yi. Na ce, "Baiwar Allah, wannan fa na wane ne?" Ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Ai wannan ba shi da lafiya, ba ma lissafawa da shi." Shekarun yaron tara, yana gane duk abin da aka faɗa masa, har dariya ya yi mini da na leƙa na gaishe shi, amma bai taɓa taka ƙofar makaranta ba, kuma babu wata takardar hukuma da ta san da zamansa.

Abin da ya sa na tuno da shi shi ne, hukumar ilimi ta yankinmu ta sake kiran taron jin ra'ayin jama'a a kan tallafin da ya kamata a tanadar wa yara masu buƙata ta musamman wajen karatu, ni kuwa na san abin da zai faru idan ba a yi magana tun da wuri ba. Wajibi ne iyaye su fahimci amfanin irin wannan zama. Daga abin da aka faɗa a bakin taro da abin da aka cike a takarda ake fitar da adadin yaran da ke akwai da irin lalurar kowannensu, sannan a kan wannan adadi ake yanke shawarar malamai nawa za a horar, ko za a ɗauki tafintan maganar kurame, ko za a sayo littattafan rubutun makafi, ko za a gyara mashigar aji domin keken guragu ya wuce. Yaron da aka ɓoye ba ya cikin lissafi, wanda ba ya cikin lissafi kuwa babu ko kwabo da za a ware dominsa.

A zaman da aka yi a baya, zauren ya cika da jami'ai da malamai da shugabannin al'umma, amma iyayen da abin ya shafa kai-tsaye ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na hango wani uba da na san ɗansa yana fama da farfaɗiya, an kore shi daga aji saboda malamin ya tsorata ranar da ya faɗi. Uban nan ya zauna a kujerar baya har aka tashi bai ɗaga hannu ba. Bayan wata biyu ya tare ni yana ƙorafin cewa hukuma ba ta damu da irin 'ya'yansu ba. Na ce masa, "Malam, ranar da aka tambaya, me ka ce?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to idan mai ɗakin ya ja bakinsa ya yi shiru, wa kuke so ya nuna wa magini wurin?

Ba wai ban san nauyin da kuke ɗauke da shi ba. Na ga uwar da take goya yaro ɗan shekara shida saboda ba ya iya zama, na ga yadda ake bin ta da kallo a hanya, na kuma ji maganganun da ake yaɓa wa iyaye kamar su suka jawo wa kansu. Wallahi ina tausaya muku, kuma ban taɓa raina haƙurinku ba. Sai dai kunyar nan da kuke ji ba ta da tushe. Asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya fitar da rahoto a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne suke rayuwa da naƙasa a duniya, kimanin yaro ɗaya ke nan cikin kowane goma. Ba a kan gidanku aka fara ba. Abin da za a ji wa kunya shi ne a rufe yaro a ɗaki idan baƙi sun zo, a amsa wa ma'aikacin lafiya cewa kowa lafiya lau, alhali ana sane.

Ɓoyon nan kuma yana cin lokacin da ba ya dawowa. Sau nawa aka ce mini, "Zai yi magana idan ya girma, haka babansa ya yi"? Yaron da ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalmomi biyu ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ana buƙatar a auna jinsa, ba a zauna jiran shekara mai zuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne suke da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da za a iya kauce musu take samuwa, irin su ciwon kunne da aka ƙyale da ƙyanda da sanƙarau. Na san wata yarinya 'yar shekara bakwai da aka yi ta duka a kan taurin kai, ashe kunnenta ya daɗe yana zubar da ruwa, mahaifiyar tana toshe shi da auduga tana rufewa da ɗankwali don kada a gani. Da aka yi mata magani aka dawo da ita kujerar gaba kusa da malama, sai ga ta tana amsa tambaya. Shekara uku aka ɓata a banza saboda kada a ce.

Ku kuma daina ɗaukar wannan gayyata a matsayin alfarma. Tun a 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka hallara a birnin Salamanka na ƙasar Sifaniya suka amince cewa makarantun da kowa yake zuwa su karɓi kowane yaro ko da wace lalura yake da ita. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta tabbatar da wannan a sashe na 24, ta kuma ɗora wa gwamnatoci nauyin tuntuɓar masu naƙasa, har da yara, kafin a tsara abin da ya shafe su. Su ma masu shirya taron ina da magana da su, domin zauren da sai an hau bene kafin a kai gare shi, babu tafinta, babu mai karanta wa makaho takarda, ya riga ya kori rabin waɗanda aka gayyata. Amma wannan na faɗa musu a ofis, yau da ku iyaye nake.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ku je, uwa da uba duka idan da hali. Ku tafi da katin asibiti da duk wata takardar gwaji. Kada ku tsaya a kan "a taimaka mana", ku faɗi abin da ya hana yaron karatu: nisa ne, ko ba ya ganin allo, ko babu banɗakin da zai iya shiga, ko an ƙi karɓarsa. Idan yaron yana iya bayyana abin da yake so, ku bar shi ya faɗa da kansa. Wanda ba zai iya magana cikin taro ba ya cike takarda kafin wa'adin ya ƙare, wanda ba ya rubutu ya zo in rubuta masa. Ku tambayi ranar da za a fitar da sakamako, ku riƙe ranar.

Mako mai zuwa zan sake zagayawa da takardun nan. Zan tambayi kowace uwa yawan 'ya'yanta kamar yadda na saba, kuma zan duba takalman da ke bakin ƙofa kafin in rubuta.