Waiwaye: Yaushe Ƙwaƙwalwa Ke Nuna, Yaushe Doka Ke Cewa An Girma?

Tun kafin a ƙera na'urar da ke leƙa cikin ƙoƙon kai, al'ummomi sun riga sun tsayar da lokacin da yaro ke zama babba. Fikihun Musulunci ya rataya hukunci a kan balaga, amma bai yarda a damƙa wa maraya dukiyarsa ba sai an jarraba shi an ga hankalinsa ya zauna. Dokar Ingila ta daɗe a kan shekara 21, sai a 1970 aka sauko da ita zuwa 18. Amurka ta yi hakan ga masu kaɗa ƙuri'a a 1971, domin ana kwasar 'yan shekara 18 zuwa yaƙin Biyetnam alhali yawancinsu ba su da ikon zaɓen masu tura su. A 1989 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ita ma ta tsaya a 18. Siyasa da yaƙi da buƙatar zamani ne suka ja waɗannan layuka, ba a tambayi masana ƙwaƙwalwa ba.

Su masanan daga baya suka shigo. A 1999 Jay Giedd da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da sakamakon hotunan ƙwaƙwalwa na na'urar MRI da suka riƙa ɗaukar wasu yara suna maimaitawa a kansu yayin da suke girma. Aka ga ɓangaren da ke bayan goshi, mai kula da tsara shiri da auna sakamako da danne zuciya, yana cikin waɗanda ke nuna a ƙarshe. Mahaɗan jijiyoyin da ba a amfani da su ana rage su, waɗanda suka rage kuma ana lulluɓe su da wani kitse da ke ƙara wa saƙo sauri. Ɓangaren da ke kwaɗayin daɗi da yabon abokai kuwa tun farkon balaga yake tashi da ƙarfinsa.

Ba a jima ba maganar ta isa kotu. A 2005, a shari'ar Roper da Simmons, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta hukuncin kisa kan wanda ya yi laifi kafin ya cika 18. Mai shari'a Antonin Scalia ya ƙi amincewa, ya kuma jefa wa ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar tambaya mai nauyi: a wata shari'ar 1990 kun ce matasa na da hankalin yanke shawara kan lafiyar jikinsu, yau kuma kun ce ba su nuna ba?

Amsar da masanin halayyar ɗan Adam Laurence Steinberg ya bayar ita ce a ganina gundarin batun. Idan matashi na zaune cikin natsuwa, da lokacin tunani da mai ba shi shawara, zuwa wajen shekara 16 hankalinsa ya yi kusa da na manya. Amma cikin fushi, ko gaggawa, ko a gaban tsaransa, sai ya wuce 20 kafin ya iya riƙe kansa. A gwajin tuƙin mota na kwamfuta da aka wallafa a 2005, matasa sun ƙara ganganci sosai da zarar abokansu na kallo, manya kuwa da ƙyar abin ya taɓa su.

Sai kuma lambar nan 25 da ta karaɗe intanet. Ba wani bincike da ya gano cewa ƙwaƙwalwa na gama nuna a wannan shekara. Ƙiyasi ne, ga shi kuma yawancin binciken farko bai wuce 'yan shekara 20 da ɗoriya ba. A 2025 masana a jami'ar Kambirij, bayan nazarin hotunan mutum kusan 3,800, suka ce tsarin haɗuwar jijiyoyi irin na samartaka yana kaiwa wajen 32. Wa zai ce a hana ɗan shekara 30 aure ko sa hannu a kwangila?

Abin da ke damuna ke nan. Hujjar da aka kawo don a tausaya wa matashi a gaban alƙali, ita ce wasu ke ɗauka su ce kada a saurari ra'ayinsa. Ƙasashe da dama sun zaɓi su raba al'amuran. Tun 1953 Jamus ta bai wa alƙali damar yi wa ɗan 18 zuwa 20 shari'a da dokar yara idan ya ga bai gama nuna ba. Ostiriya ta buɗe wa 'yan 16 rumfar zaɓe a 2007. Sikotland na barin 'yan 16 su zaɓi majalisarta, kuma tun 2022 ta umarci alƙalai su duba ƙuruciyar duk mai laifin da bai kai 25 ba kafin su yanke masa hukunci.