Tsatsa a karanshaf ɗin tsohon babur mai bugu biyu: me ake wankewa, me ake canzawa?

Me ya sa tsatsa ta fi kama cikin irin wannan injin idan ya daɗe a ajiye?

Saboda cikinsa ba ya kwana da mai. Inji mai bugu huɗu yana da tafkin baƙin mai a ƙasansa. Mai bugu biyu kuwa, irin su Yamaha RD350 na 1973 ko Jawa ko MZ, kaskon da karanshaf (ƙarfen da ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyi) ke juyawa a cikinsa hanya ce da fetur da iska ke bi kafin su hau silinda. Ɗan man da ake gaurayawa da fetur, ko wanda famfo ke ɗigawa, a yawancinsu shi kaɗai ke shafar boris, wato ƙwallaye ko allurai na ƙarfe da sassan inji ke juyawa a kansu. In babur ya yi shekaru a jingine, shafin sai ya tsane, danshi ya shigo ta kafireto ko ta salansa, ya samu ƙarfe tsirara.

Injin ya ƙame. In zuba mai ta ramin fulogi in taka kik da ƙarfi?

Zuba man, amma kada ka taka. Ko ya juya, tsatsar da ke ciki za ta zama yashi a tsakanin boris. Kwance shi.

Na buɗe na ga karanshaf ya yi ja wur. Ya mutu ke nan?

Ba lallai ba. A nan mutane suka fi ruɗewa, domin tsatsar da ke tayar da hankali ba ita ce mai kisa ba. Manyan fayafayan nan biyu na karanshaf ƙarfe ne mai kauri, babu abin da ke gogar fuskarsu. Ko tsatsa ta bar musu zanzana, in an wanke za su yi aiki.

Inda za ka ƙura ido shi ne gindin sandar fistin, wurin da ta rungumi fil ɗin da ya haɗa fayafayan. Akwai ƙananan allurai na ƙarfe da ke birgima a wurin, kuma fuskar fil ɗin da ta cikin sandar an gasa su sun yi tauri a sama-sama ne kawai. Rami ɗaya na tsatsa, ko da ɗan mitsitsi ne, ya isa. Duk zagaye sai allurai sun bi ta kansa, sau dubbai a minti guda, bakinsa na ɓarewa kaɗan-kaɗan har ɓarɓashin ya hau silinda ya karce ta. Abin takaicin shi ne wannan wuri a ɓoye yake, ba ka ganinsa sosai sai an raba karanshaf.

Ga gwajin hannu: wanke man da ke wurin da kananzir, domin mai yana ɓoye wasa. Riƙe sandar ka ja ta sama ka danna ƙasa a miƙe. Bai kamata ka ji ko ƙis ba. Motsi gefe da gefe kaɗan daidai ne, littafin babur ɗin yana faɗin iyakarsa. Sai ka juya ta a hankali. In ka ji gargada, ko ka ga jan ruwa na fitowa daga tsakanin, magana ta ƙare. Ni dai in ruwa ya taɓa kwana a kasko, ba na yarda da wurin nan ko da ya yi santsi a hannu.

Sai kuma inda oyilsil, wato zoben robar da ke hana mai da iska yoyo, ke zama a jikin sandunan gefen karanshaf. In farcenka na maƙalewa a wurin, sabon oyilsil ma zai yi yoyo, sai an sa siririn hannun riga na ƙarfe ko an canza ɓangaren.

Da me ake cire tsatsar?

Buroshin waya da sanfefa mai laushi da kananzir sun wadatar ga fayafayai. Wasu suna jiƙawa a ruwan khal ko ruwan asid na lemun tsami. Yana ci, amma da sharaɗi: a fara raba karanshaf, domin asid ɗin da ya shiga boris ba ya fita duka. Akwai kuma hanyar lantarki, a narka sodar wanki a ruwa, a maƙala wayar nagetif ta cajar batir a jikin karanshaf, fozitif a jikin wani guntun baƙin ƙarfe. A yi a sarari, domin iskar da ke tashi tana kama wuta. Kowace ka bi, ka ɗauraye, ka busar, ka shafa mai nan take, in ba haka ba kafin ka juya sabuwar tsatsa ta hau.

Kaskon fa?

Shi alminiyam ne, ba ya tsatsa. Jan da ka gani tabon ƙarfe ne, farin garin kuma cin da danshi ya yi masa ne. Kada ka kusantar da shi da kostik soda, narkar da shi take yi, kuma kada ka sa shi a ruwan lantarkin nan. Kananzir da buroshi mai laushi. Wajen raba shi biyu kada ka cusa sukudireba a tsakani, domin fuskokin nan su ne ke riƙe iska. In sun karce, shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri ka goga a hankali. Bi ƙananan ramukan da ke kai mai ga manyan boris ka tabbatar a buɗe suke.

Boris kuma ba da guduma ake fitar da shi ba. Ɗumama kaskon zuwa wajen digiri 100 na Salshiyos. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe, sau da yawa boris yakan faɗo da kansa. Sabon a sanyaya shi kafin a sa.

Zan iya sake haɗa karanshaf da kaina?

In ba ka da injin matsa da agogon awo, kai wa mai su. Da matsi aka haɗa shi, da matsi ake raba shi a sa sabuwar sanda da fil da allurai. Bayan nan a ɗora shi a juya ana duba karkata, ana bugun fayafayan da gudumar tagulla har ya miƙe. Littattafan babura da dama suna ba da iyakar kusan milimita 0.03. Abin da ya wuce haka zai riƙa girgiza yana cin boris da oyilsil.

Tsohon oyilsil bai fashe ba, dole ne in canza?

Dole. Roba ce, shekaru sun busar da ita. Na ɓangaren magineto, mai ba fulogi wuta, in ya yi yoyo, iska ce ke shiga, fetur ya yi ƙaranci, inji ya yi zafi har fistin ya ƙame. Na ɓangaren kuloci kuma man giya yake zuƙowa, ka ga hayaƙi ya ƙi ƙarewa, fulogi na jiƙewa. Bayan ka haɗa komai, toshe bakin kafireto da na salansa, hura iska kamar psi 5 zuwa 6 (psi ma'aunin matsin iska ne) da famfon hannu, ka sa ido a kan agogo na 'yan mintuna. In allurar na sauka, shafa ruwan sabulu a mahaɗa da bakin oyilsil, inda kumfa ta taso nan ne za ka koma.