Waiwaye: Tun Yaushe Dutsen da Ke Faɗowa Ya Gagari Yaranmu?

Duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito, majalisun Sakkwato kan ɗauki zafi a kan Fiziks. Wasu su ce wayar hannu ce ta cinye yara, wasu su ce kalkuleta. Tambayar da ake yawan kafa hujja da ita kuwa ita ce ta dutsen da aka saki daga sama: yaro ya haddace fomula tsaf, amma da an juya tambayar sai ya tsaya cak. Wannan ciwo ya girmi waya nesa ba kusa ba.

Aristotal, masanin Girka na da, ya ce abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa, aka riƙe maganar kusan shekara 2,000. A 1586 Simon Stevin ya saki dunƙulen darma biyu masu nauyi daban-daban a Delft ta ƙasar Holan, suka dira tare. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, su ma tare suka sauka. Labarin cewa Galileo, masanin Italiya, ya yi irin wannan gwaji a kan hasumiyar Pisa, wanda kowane aji ke ji, almajirinsa Viviani ne ya ruwaito shi, kuma masana tarihi da yawa na tantamarsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne katakon Galileo. Faɗuwa ta fi ƙarfin ido, ga shi ba shi da agogon da zai auna ɗan gajeren lokaci daidai. Sai ya samo dogon katako, ya fafe masa hanya, ya jingine shi a karkace, ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla. Lokaci kuwa da ruwa ya auna shi: ruwa na tsiyaya daga wani babban mazubi, ya tara a ƙoƙo, ya ɗora a sikeli. Ya maimaita har ya gano cewa in aka raba lokacin kashi-kashi daidai, tazarar da ƙwallon ke ci a kowane kashi na tafiya 1, 3, 5, 7. Idan lokaci ya ninka biyu, tazara ta ninka huɗu. Haka ya bayyana a littafinsa na 1638, da zane da gwada wannan da wancan, babu fomular da muke rubutawa a allo yau. Daga baya ne aka dunƙule aikin cikin haruffa.

A nan nake ganin aka yi ɓatan kai. Haruffan suka iso ajinmu, katakon bai iso ba. Ana ba yaro g = 10 (g shi ne ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa a kowace dakika, a zahiri kusan 9.8 ne) kamar lambar waya. Bai taɓa ganin cewa dutse kan ci mita 5 a dakikar farko, 15 a ta biyu, 25 a ta uku ba. Shi ya sa in aka ce an jefa dutse sama da gudun mita 20 a dakika, sai ya ɗauka a ƙololuwa jan ƙasa ma ya tsaya, alhali gudun ne kaɗai ya ƙare bayan dakika 2, a tsayin mita 20.

Mu ma haka aka koya mana, tun kafin waya ta shigo gari. Ni sai da na girma, a bakin wata tsohuwar rijiya a ƙauyenmu, na saki tsakuwa na ƙirga biyu kafin na ji ƙarar ruwa. Da na tambayi mai jan guga tsawon igiyarsa, ya ce, “Malam, gaba goma sha ɗaya ce.”