Riƙe aji baiwa ce ko koyo ake yi? Tambayoyi kan horar da malaman gobe

Wa ke horar da malaman firamare a Najeriya?

Galibi kwalejojin ilimi ne, inda ɗalibi ke yin shekara 3 ya fito da NCE, mafi ƙarancin shaidar da aka yarda a shiga aji da ita. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara abin da za a karanta, hukumar TRCN kuma ke yi wa malamai rajista. Waɗanda suka riga suka kama aiki sukan ƙaro karatu ta cibiyar NTI da ke Kaduna.

Ai riƙe aji kwarjini ne. Ana koya wa mutum kwarjini?

Kwarjini yana taimakawa, amma ba shi ne jigon ba. Wani Ba'amurke, Jacob Kounin, ya ɗauki ajujuwa da yawa a bidiyo, ya fitar da sakamakon bincikensa a 1970. Ya gano cewa salon tsawatarwa bayan yaro ya yi laifi bai bambanta gwanin malami da wanda aji ke kufce wa ba. Bambancin yana kafin laifin. Gwani idonsa na kan kowa, yana duba littafin wannan yana lura da wancan, kuma ba ya barin giɓi tsakanin aiki da aiki.

Leƙa ajin sabon malami ka gani. Ya shigo ba alli, ya aiki monita ofis. Kafin a kawo, an fara ture-ture a baya. Alli ya zo, sai ya juya wa yara ƙeya yana cika allo da rubutu, tsawon minti 10 bai waiwayo ba. Da surutu ya yi yawa sai ya daka tsawa, ya hukunta wanda ya rama, wanda ya tsokana kuwa ya sha. Duk waɗannan kurakurai ne da ake gyarawa da horo: ka shigo da kayanka, ka tsaya a karkace in kana rubutu, ka ba yara abin yi tun kafin ka buɗe rajista, ka san sunayensu.

Ina ɗalibi zai gwada wannan kafin a damƙa masa yara?

Akwai ƙaramar koyarwar gwaji, dabarar da aka fara a Jami'ar Stanford a 1963. Ɗalibi ya koyar na 'yan mintuna, a faɗa masa inda ya yi tuntuɓe, ya sake. Daga nan sai TP, wato koyarwar sanin makamar aiki, inda ake tura shi makaranta ta gaske. Inda nake ganin gazawa shi ne, a gwajin farko abokan karatunsa ne a gabansa, manya masu ladabi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce yara 35 ga malami ɗaya a firamare, alhali a birane da yawa za ka tarar da ninkin haka, wasu a zaune a ƙasa. Kamata ya yi a horar da shi don wannan ajin.

Me ya kamata ya sani game da yadda yara ke koyo?

Na farko, "Kun gane?" ba tambaya ba ce, domin amsarta kullum "Eh, Malam!" Sa yaro ya yi aikin a gabanka. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta auna ta ga malamai kan jira kamar daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa 3, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu.

Na biyu, mantuwa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a farko, sai in ana waiwayarsa lokaci-lokaci. Alarammomi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa tilawa ba ta yankewa a tsangaya. Malamin boko ma zai iya buɗe darasi da tambayoyi 3 kan aikin makon jiya.

To bulala fa?

Tana sa a yi tsit, ba ta sa a gane. Yaron da ke tsoron duka ba zai ce bai fahimta ba, zai kwafi na maƙwabcinsa ne, malam ya ba shi maki, a wuce darasi na gaba.